Matar da Ba Ta Iya Zama Ba

Shekara ashirin da biyu ƙofar Zagorka tana kallon tamu a hawa na tara, kuma a duk shekarun nan ban taɓa ganin matar nan a zaune ba. Ko kofi a tsaye take sha a bakin taga, ƙafa ɗaya tana karkaɗawa. Biyar da rabi na safe za ka ji ƙarar makullinta, sai kuma takalminta a matakala, ƙwas ƙwas ƙwas har ƙasa, don ba ta da haƙurin jiran lifta. Mijina Tihomir yakan juya a gado ya ce, "To, an kwance karyar." In ce masa ya ji tsoron Allah, amma fa ina dariya nake faɗa. Ba zan wanke kaina ba.

Aikinta duba tikiti a bas, kuma shekara ashirin da bakwai ta yi tana yinsa. Mu kuwa a Belgrad ba mu taɓa ɗaukar hawa bas ba tikiti a matsayin sata ba. Wasa ne tsakaninmu da hukuma, kuma ni Milunka gwana ce a wasan. Shekara talatin ina zuwa aikina na wankin asibiti a bas mai lamba casa'in da biyar, kullum a bakin ƙofa, ido ɗaya a kan tashar gaba. Duk wanda ya fara hango masu dubawa sai ya yi tari sau biyu. Da ƙofa ta buɗe rabin bas ya zube ƙasa, malamin jami'a da mai sayar da kabeji, kowa yana duba agogo wai shi dama nan zai sauka.

Zagorka ba ta bari a hango ta. Takan shigo ta ƙofar baya cikin tsohon kwat ruwan toka, da jakar cefane, har da ganyen albasa yana leƙowa. Sai ƙofofi sun rufe bas ya ɗaga, sannan ta zaro katin aikinta ta rataya a wuya. "Tikiti, jama'a!" Muryar ba wani ƙarfi gare ta ba, amma har cikin ƙashi take shiga. Kuma ko da bas ya cika ba masaka tsinke, cikin tasha biyu ta ratsa daga baya har wajen direba, kafaɗa a gaba, ba ta taka kowa ba, ba ta kuma tsallake kowa ba. Ni kaina sau uku tana kama ni. Da yamma mu haɗu a bakin ƙofa ta ce, "Sannu da dawowa, maƙwabciya," kamar ba ita ba.

Nawa dai na yafe. Wanda ba a yafe ba a gidanmu shi ne na Tihomir. Lokacin yana koyar da labarin ƙasa a sakandare. Wata safiya, shekara goma sha tara da suka wuce, ya manta bai sabunta katinsa na wata ba, ga ɗalibansa sun kai goma a cikin bas ɗin. Da ya ga ita ce sai ya saki murmushi ya rage murya.

"Maƙwabciya, ni ne fa."

"Na gan ka, malam. Tikiti."

"Haba Zaga, a gaban yara?"

"Su yaran sun nuna nasu."

Ta sauke shi a tashar gaba ta rubuta masa tara, yara suna leƙe ta taga. Shekara guda cur, duk ajin da ya shiga sai wani shaiɗani a baya ya maƙale murya ya ce, "Tikiti, jama'a!" A watan nan ya sayi tsohuwar mota, ya rantse da kabarin uwarsa cewa ƙafarsa ba za ta ƙara taka bas ba, ƙafar Zagorka kuma ba za ta taɓa taka gidansa ba. Tun daga lokacin kullum sai ya kashe awa guda a kan gadar Branko, shi kaɗai a mota, yana zagin sauran mutanen da ke zaune su kaɗai a motocinsu.

Sai ga shi an sanar cewa daga ɗaya ga Janairu bas kyauta ne ga kowa, wai don mutane su ajiye motoci a gida cunkoso ya ragu. Ni haushi ma abin ya ba ni, wallahi. Sai da na yi ritaya, gwiwoyina suka mutu wajen dirowa daga bas, sannan za a ce kyauta? Tihomir ya ce ko biyansa za su yi ba zai hau ba. Irinsa kuwa suna da yawa. Abin da idona ya gani shi ne, waɗanda da suke taka tasha biyu a ƙafa yanzu sun shigo bas, masu mota suna nan a motocinsu, gada kuma tana nan a toshe yadda take, sai dai yanzu mun fi matsuwa a ciki.

Ita Zagorka aka ba ta tebur a ofis, da kujera mai juyawa da tarin takardu. Kwana goma sha ɗaya ta yi. An ce tana ta zagaye teburin tana karanta takardun a tsaye har ta sa wa abokan aikinta jiri. Ta ajiye aikin ta karɓi fansho. Na ce to, yanzu ma ji barcin safe. Ina! Biyar da rabi, ƙarar makulli, ƙwas ƙwas ƙwas.

Wata rana a Fabrairu na hau casa'in da biyar zan je kasuwa, sai ga ta a ƙofar baya cikin kwat ɗin nan, ba kati a wuya, ba jakar cefane, ta riƙe ƙarfe tana kallon titi. Ashe haka take wuni, daga wannan ƙarshen layi zuwa wancan. Wani tsoho mai hular gashi ya ɗago ya gan ta, ya yi tari sau biyu. Da bas ya tsaya mutum bakwai suka dira. Suka tsaya a cikin sanyi suna kallon juna, sai da ƙofa ta rufe sannan ɗaya ya dafe goshi, ya tuna ai kyauta ne. Matasa suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don nawa ƙafafun ma sai da suka motsa zuwa ƙofa. Ta ga duk wannan, ta mai da fuskarta taga, ƙafarta tana ta karkaɗawa.

Cikin Maris na ga takarda a allon bakin bene: gida na sayarwa, hawa na tara. Na tare ta a matakala tana hawowa da kwalaye.

"Ina zuwa haka, Zaga?"

"Obrad ya matsa min," ta ce. Obrad ɗanta ne tilo, yana aiki a Ostiriya. "Ya ce in koma wajensu Linz, akwai ɗaki kusa da na yara. An samu mai saye, goma ga Mayu zai zo mu sa hannu."

"Ke? Me za ki yi a can? Ko gaisuwarsu ba ki iya ba."

"A nan ma da wa nake gaisawa?"

Na ce, "Amma kina son tafiyar?"

Ta sauke kwalayen a kan matakala, ta sake ɗauka, ta sake saukewa. "Ina so? Nan aka binne mijina. Kowane rami a titin nan na san shi da tafin ƙafata. Milunka, gida saba'in da biyu ne a benen nan, kusan kowanne yana da bikinsa na slava. Tamu ta bi Obrad tun da ubansa ya rasu, don ɗa ne ke gadonta. Shekara ashirin da biyu ina jin ƙamshin gasasshen nama a matakala, ina jin waƙa ta bango. Ko sau ɗaya ba wanda ya ce, Zaga, shigo ki ɗanɗani dafaffiyar alkamar biki. Da ina cewa aikin ne, ranar da na bari za su manta. To ga shi na bari. Kin dai ga abin da suka yi a bas."

Kunya ta rufe ni har wuya. Slava, ranar waliyyin gida, ba a kutsa mata kai. Maigida ne ke gayyata da bakinsa, sau ɗaya tak, kuma daga ranar kai baƙon gidan ne kowace shekara har ka mutu, ba sai an sake faɗa maka ba. Shi ya sa ba a furta ta da wasa. Tamu shida ga Mayu ce, kwana huɗu kafin mai saye ya zo, kuma bakin da zai iya furtawa na Tihomir ne, ba nawa ba.

Da muna cin abinci na ce masa, "Ka gayyaci Zagorka. Tafiya za ta yi."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Shekara goma sha tara, Tiho! Yaran nan sun yi 'ya'ya."

"Bara na haɗu da ɗayansu a kantin magani, da sanƙonsa da tumbinsa, ya ce min, 'Tikiti, malam.' Ki rabu da ni."

Na kira shi jaki, ya ƙara sautin talabijin. Wata guda muna haka. In tayar da maganar da safe, in tayar da rana, in ƙona masa wake da gangan. Ni kaina na kasa zama. Duk lokacin da na ji tana jan kwali a ɗakinta sai in tashi in goge tebur ɗin da na riga na goge.

Ƙarshen Afrilu motarsa ta kwanta a gareji, ga shi yana da ganin likitan ido a cikin gari ƙarfe tara. Muka kira tasi uku ba wadda ta zo. Ya tsaya a tasha yana hura hanci, sannan ya ce wai rantsuwarsa a kan bas ɗin da ake biya ya yi ta, wannan wani abu ne daban. Na ce uwarka dai tana jin ka. Muka kutsa ta ƙofar tsakiya, jama'a suka tura mu can ciki.

A tsakiyar gada bas ya tsaya cak. Minti goma, minti ashirin. Rana ta yi zafin da ba na Afrilu ba, tagogi duk a rufe. Wani saurayi ya miƙa hannu zai buɗe ɗaya, wata tsohuwa mai ɗankwali ta buge hannun. "Waccan ta direba a buɗe take, ka buɗe wannan iska ta ratsa ta karkata min baki? Uwarka za ta yi jinyata?" Rabin bas ya goya mata baya, ni ma a ranar da ba wannan ba da ina cikinsu. Duk mun san abin da iskar taga biyu take yi wa mutum.

Na juyo zan yi wa Tihomir magana sai na ga fuskarsa ta koma kalar toka, gumi yana zuba, hannunsa a ƙirji. "Milunka," ya ce, sai idonsa ya juye. Ko faɗuwa bai samu ya yi ba. Jikin mutane ne ya riƙe shi a tsaye, kansa ya langaɓe a kafaɗar wani. Na fasa ihu, "Ku ba shi wuri! Mijina! Ku matsa!" Su matsa ina? Kowa ya juyo da kai, ba wanda ya iya ɗaga ƙafa. Wani ya ce a ba shi sukari, wata ta ce a kira motar asibiti, wani can ya ce ai ga amfanin kyauta nan, wani ya ce masa ya rufe baki, gardama ta kaure a kan kaina. Direba yana can gaba bai ma san me ake ciki ba. Ina riƙe da kwalar rigar Tihomir ina ji yana ƙara nauyi, na ce shi ke nan, a tsaye zai mutu a cikin bas ɗin da ya rantse ba zai hau ba.

Sai daga ƙofar baya muryar nan ta taso.

"Tikiti, jama'a! Kowa ya fito da tikitinsa!"

Wayyo, da kun ga abin da ya faru! Duk wanda ya haura shekara talatin jikinsa ya amsa kafin kansa ya yi tunani. Aka yi ƙofofi gaba ɗaya, ana dukan gilashi, "Maigida, buɗe! Buɗe mana!" Direba ya ga dama a tsaye ake, ya buɗe. Mutane suka zube kan gada, har da tsohuwar mai ɗankwali, ita ce ma ta biyu. Kafin su tuna cewa ba wani tikiti a duniya, tsakiyar bas ta zama fili, ga Zagorka ta iso kafaɗa a gaba.

Ta tare Tihomir ta kwantar da shi, ta ɓalle masa maɓallai. "Ke, buɗe tagogin nan duka. Kai mai jar riga, kira asibiti, ka ce tsakiyar gadar Branko, hannun shiga gari. Akwai ma'aikacin jinya a nan?" Akwai, wata yarinya da ke dawowa daga aiki, ta durƙusa a kansa. Muna jin jiniyar motar asibiti can bakin gada, tana kuka ba ta matsowa, don layi uku na motoci sun cushe.

Zagorka ta dira. Ta taga na gan ta tana bin motocin nan ɗaya bayan ɗaya yadda take bin fasinja, ta ƙwanƙwasa gilashi, ta nuna da yatsa. "Kai, hau gefe. Kai, matsa rabin taku. Ajiye wayar nan, da kai nake!" Kowace mota mutum ɗaya, kowanne da abin da zai faɗa, ba wanda ta tsaya saurare, ba kuma wanda ta tsallake. Wani mai babbar baƙar mota ya leƙo ya ce ita wace ce. Ta dube shi kawai, ya murza sitiyari. Haka ta buɗe hanya tun daga bas har bakin gada, ta dawo a guje a gaban motar asibitin, kwat yana kaɗawa.

Kwana shida ya yi a asibiti, suka sa masa wani ɗan bututu a jijiyar zuciya. Likita ya ce da an ƙara minti goma sha biyar da wani zancen ake, ya kuma ce bana ba slava, ya kwanta. Tihomir ya ce kakansa ma a cikin yaƙi bai fasa ba. Ya dawo gida bai ambaci sunanta ba, ni kuma na ƙudura ba zan ƙara roƙonsa ba. Na dafa alkama, na gasa burodin slava, ina buga tukwane yadda zai ji. Ta bango ina jin ta tana ɗaure kwalaye.

Ran biyar ga wata da la'asar sai na ga ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya tsaya gaban madubi ya daɗe. Ya buɗe ƙofa, ya taka takun nan huɗu zuwa tata. Ni kuwa na manna kunne, ba zan ɓoye ba.

"Maƙwabciya."

"Malam. Me kake yi a tsaye? Ba kwanciya aka ce ka yi ba?"

"Gobe slavata. Daga ƙarfe ɗaya."

Can ta ce, "In don abin gada ne, ba sai ka yi ba. Ko wane ne haka zan yi masa."

"Na sani. Ai abin da ke ba ni haushi da ke ke nan, ko wane ne haka kike yi masa. Ki zo."

Ɗaya daidai ta buga ƙararrawa, da ƙullin kofi da furanni, cikin wata shuɗiyar riga da ban taɓa gani ba. Na miƙa mata alkama, ta yi alamar gicciye ta ɗebi cokali ɗaya. Falo ya cika da dangi, da suka gan ta duk ido ya koma kanta. Sai ƙanen Tihomir, wanda bai taɓa yin hankali ba, ya yi tari sau biyu. Aka fashe da dariya, na kusa kwaɗa masa faranti. Ita ma ta ɗan murmusa, amma ta ja ta tsaya a bakin ƙofar falo, hannu ɗaya a jikin katako.

Tihomir ya ja kujerar da ke kusa da kyandir ɗin slava. "Zauna."

"Na fi jin daɗi a tsaye, malam."

"Zaga, kin san al'ada. Ranar slava maigida ba ya zama, shi ke tsaye a kan baƙinsa. Yau a gidan nan mutum ɗaya ne zai tsaya, kuma ni ne. Kada ki ƙwace min aiki."

Ta dubi kujerar, ta dube ni. Sannan ta zo ta ɗosana a bakin-bakinta, baya a miƙe, hannuwa sun rasa inda za su, ƙafa tana ta rawa har cokula suna ƙara a kan tebur. Tihomir ya ɗauko miya da kansa ya zuba mata, ya tsaya a bayanta. Ta sha cokali ɗaya, ta sha na biyu. Ƙanensa ya fara ba da labarin ranar da ta kama shi da katin surukarsa, wata ta ce ai nata ya fi, kowa ya shiga kawo nasa, ana ihu ana nuna ta da cokali, ita kuma tana gyara musu lambar bas da shekarar. Ina kallo a hankali bayanta ya sauka ya jingina da kujera. Cokulan suka daina ƙara. Na shige kicin na yi kukana a kan tukunyar kabeji, don daɗi da kuma kunyar shekara ashirin da biyu.

Ita ce ta ƙarshen tafiya, sai da na ce mata ta tashi haka nan kafin mutumin nan ya faɗi. A bakin ƙofa ta juyo.

"Baɗi ma ƙarfe ɗaya?"

"Ba a maimaita gayyata," in ji Tihomir. "Kin sani."

Ran goma ga wata, biyar da rabi, na ji makulli da ƙwas ƙwas ƙwas. Wajen sha ɗaya wani mutum mai jakar takardu ya zo ya yi ta danna ƙararrawarta. Da ya gaji ya buga tamu. Tihomir ne ya buɗe, da silifas ɗinsa.

"Don Allah matar gidan nan fa? Mun yi da ita yau za mu sa hannu. Na ga ma an cire takardar a ƙasa."

"Tana bas," Tihomir ya ce. "Ka nemi wani gidan, ɗan'uwa. Wannan tana da wajen zuwa baɗi, shida ga Mayu."